Kawu da Littafin da Ba Shi da Bango

Muna shekara ta uku a unguwar Karama Kawu ya zo Dubai a yi masa aikin ido. Ba zuwansa na farko ba ne, don ya daɗe yana sarin labule da zannuwan gado a kasuwar Deira yana turawa Kano, sai dai a da otal yake sauka cikin 'yan'uwansa 'yan kasuwa, ya leƙo mu ranar Juma'a ya ci tuwo ya koma. Wannan karon likita ya ce bayan an cire masa yanar ido sai ya zauna wuri ɗaya na 'yan makonni, ba shiga rana, ba ɗaga kaya, ba duban waya. Mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, ta kira ni ta ce idan na bar mata yaya a otal to in nemi wata uwar. Shi ne ni da maigidana muka fitar da akwatunan da ke ɗakin da muke kira na baƙi, muka sa masa gado.

Kawu mutum ne da bai iya zama ba. Wayoyinsa biyu, kuma a Kano ko alwala zai yi ɗaya na aljihun gaba tana ƙara. Da maigidana ya karɓe su ya kulle a durowa, sai Kawu ya koma ba shi da abin yi sai mu. Ya ce sanyin esi ya yi yawa, da aka rage ya ce ana so a dafa shi. Ya gano lokacin da maƙwabtanmu 'yan Indiya suke soya albasa, har yana faɗa mini ranar da suka makara. A rana ta uku na dawo daga aiki na tarar ya tsaya a bakin ƙofa da baƙin gilashin asibiti a fuska, yana gaisawa da duk wanda ya fito daga lif da Hausa, yana tambayarsu gajiya da iyali.

A lokacin ina aiki a ofishin wata makarantar firamare, ina dawowa gida gab da la'asar. Ran nan na shigo na same shi zaune yana jujjuya wani ƙaton littafi a hannu. Tun da muka kama gidan muka tarar da littafin a ƙarƙashin ƙafar wadirof, wani ya tokare ta da shi don kada ta yi rawa, kuma sai da muka zo gyara wa Kawu ɗaki maigidana ya zaro shi. Ba shi da bango, shafukan farko sun yage, takardar ta yi ja kamar an jiƙa ta da shayi. Babu sunan littafi, babu sunan wanda ya rubuta.

Kawu ya miƙo mini ya ce, “Ba ke ce kika yi digirin Turanci ba? Shekara huɗu ina aika miki gari da yaji makaranta. Yau ranar amfaninsa ta zo. Karanta ki faɗa mini abin da ke ciki.”

Na ce masa labari ne na Turawan da, na zamanin da Ingila ke mulkin rabin duniya, kuma ba na jin zai yi masa daɗi. Ya ce shi ma zaman da yake yi ba daɗi yake masa ba, sai su haɗu su zama biyu.

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar zan zauna a kan kafet, shi yana kan kujera mai hannu, in karanta sakin layi a zuci in juya masa da Hausa, har a kira magariba. Labarin wani mai gari ne a ƙauyen Ingila, mai filaye da tsohon gida da rufinsa ke yoyo, da 'ya'yansa maza uku. Amma marubucin yana da wata ɗabi'a. Ana tsakiyar labari, ga yarinya tana jiran amsar wasiƙa ko ga doki ya kayar da mutum, sai ya ajiye kowa ya shiga faɗin ra'ayinsa a kan majalisa, ko coci, ko yadda ya kamata mutumin kirki ya zauna da baransa, har shafi huɗu biyar. Ni da farko na so in riƙa tsallake waɗannan wuraren. Ashe su Kawu ya fi so. Ya ce wannan mutumin ɗan majalisar shago ne, irin wanda ba ya bari a gama magana bai sa baki ba, kuma ya san irinsu da yawa a kasuwar Kwari ta Kano. Tun daga nan ya fara kiransa mutumina.

Rigimarsu ta farko a kan gado ce. Marubucin ya bayyana cewa idan mai garin ya mutu, ɗan fari ne zai kwashe gida da filaye duka, kuma ya ce hakan shi ne daidai, don da shi manyan gidaje suke tsayawa ba su wargaje ba. Kawu ya sa na maimaita. Ya tambaya sauran biyun fa, ko ba 'ya'yansa ba ne. Na ce 'ya'yansa ne na cikinsa. Ya tambaya uwar fa. Na ce za a ba ta wani ɗan gida a gefe. Sai ya gyara zama ya raba gadon da kansa yadda shari'a ta ce, ya fitar wa uwar tumuninta, ya ba kowane ɗa rabonsa, har dawakai da cokulan azurfa bai bari ba. Da ya gama ya ce in rubuta a gefen shafin don wanda zai karanta a bayanmu ya ga yadda ake yi. Na rubuta da fensir.

Ta biyun ta fi zafi, don ta taɓa sana'arsa. A labarin akwai wani attajiri mai masana'antar sabulu da yake son 'yarsa ta auri ɗan farin. Mutanen gidan suna bukatarsa, don ruwan sama har kan teburin cin abinci yake sauka, amma suna jin kunyar a gan su da ɗan kasuwa. Marubucin ya yi musu dariya, amma ya fi yi wa mai sabulun, yadda yake riƙe cokali da yadda yake faɗin farashin komai a gaban baƙi. Ra'ayinsa shi ne kasuwanci ne ya ɗaukaka Ingila, amma ɗan kasuwa bai cika mutum ba sai jikansa ya manta da shagon. Kawu ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce wato mutum ya tashi da asuba ya nemi halak ɗinsa shi ne abin kunya, wanda yake kwance yana jiran ubansa ya mutu shi ne mai daraja. Ranar bai ci abincin dare da kyau ba. Washegari ina shigowa, tun ban ajiye jaka ba, ya ce ya yi tunani, mai sabulun ya janye 'yarsa, akwai samari masu sana'a. Na ce Kawu ai an riga an rubuta. Ya ce duk da haka.

Babin zaɓe kuwa har tsoro ya ba ni, don likita ya hana shi duk abin da zai girgiza kai. Ɗan farin ya fito takarar majalisa, aka buɗe wa masu ƙuri'a gidajen giya, aka yanka musu shanu, aka ɗauko wasu a keken doki suna layi. Marubucin ya yi tir da wannan, ya ce abin kunya ne ga ƙasa mai tutiya da majalisarta, amma ya ƙara da cewa ya fi a bar kowane leburan gona ya yi zaɓe. Kawu ya yi dariya har ya dafe idon da aka yi wa aiki. Shi kansa ya taɓa tsayawa wani ɗan ɗakinsa takarar kansila, ya raba taliya da atamfa unguwa guda, aka karɓa aka yi godiya aka zaɓi wani. Shekara da shekaru abin yana cinsa, yana ganin lalacewa ce irin tamu. Ya ce ashe sana'ar ma shigo da ita aka yi, kamar keken ɗinki.

A mako na biyu labari ya koma kan ɗa na uku. Shi wannan ba ya jin karatu. Ya faɗi jarrabawar soja, ya faɗi ta lauya, aka gwada shi a coci ya yi barci a gaban babban limaminsu. Ba abin da ya iya sai sukuwa da damun 'yan aikin gida. A ƙarshe wani kawunsa da ke da hanya a Landan ya samo masa aikin gwamnati a wata ƙasa mai zafi da Ingila ke mulka, aka saya masa hular kwano da akwatin ƙarfe aka sa shi a jirgin ruwa. A nan marubucin ya tsaya ya faɗi ra'ayinsa kamar yadda ya saba. A ganinsa babban amfanin ƙasashen nan ga Ingila ba auduga ba ce, ba kuma gyaɗa ba, samun wurin da kowane gida mai mutunci zai ajiye ɗan da ya gagare shi ne. Daga nan ya shiga bayanin mutanen ƙasashen, wato irinmu. Da na ga abin da ya rubuta sai na juya shafi, na juya wani, na ci gaba daga inda jirgin ya isa.

Kawu ba ya gani sosai a lokacin, amma kunnensa garau yake. Ya ce, “Na ji takarda biyu sun wuce, ban ji Hausarsu ba.”

Na ce bayanin teku ne kawai. Ya ce mutuminsa ba ya ɓata shafi biyu a kan ruwa, kuma shi a kasuwa ya tsufa, ya san muryar wanda ya rage mudu. Dole na koma baya. Na faɗa masa marubucin ya ce mu kamar yara muke, masu fara'a da son kiɗa, ba ma iya riƙe kanmu sai da hannu mai ƙarfi a kanmu. Ya ce ƙasashen da Turawa suka je suka zauna za a yaye su idan sun girma, amma ƙasashe masu zafi ba a san ranar girmansu ba. Kuma ya ce ko daƙiƙin Bature ya ishi lardi guda. Duk wannan bai taɓa taka ƙasar ba, a bakin wani abokinsa ya ji.

Na zaci Kawu zai yi faɗa, amma bai yi ba. Dalili kuwa na san shi, don duk wanda ya tashi a gidanmu ya san labarin baho. Kakana, mahaifin Kawu da mahaifiyata, yana saurayi aka zaɓe shi cikin masu ɗaukar kayan wani Di'o, Baturen mulki, idan ya fita rangadi. Shi aka ba bahon wankan Baturen, na ƙarfe, ya ɗauka a ka daga gari zuwa gari har ƙarshen rani. Har ya tsufa yana ba da labarin da alfahari, wai ba kowa ake ba bahon ba sai mai wuya da amana, kuma wai Di'on ya taɓa dafa kafaɗarsa ya ce masa wata kalma da bai gane ba amma ya tabbata yabo ce. A wajen kakanmu wannan Baturen hannun daman Sarkin Ingila ne, shi ma Kawu haka ya ɗauka tun yana yaro.

Can sai Kawu ya ce, a hankali, “Wato Baba bahon ɗa na uku ya ɗauka.”

Na ce ba lallai ba ne, wannan ƙagaggen labari ne, kuma tabbas cikinsu akwai masu ilimi. Ya ce in bar shi. Ya tuna kakanmu ya ce Di'on yakan yi barci a tsakiyar shari'a, kuma ya fi son dokinsa a kan kowa. Ya ce alamu sun cika. Ni dai na kasa riƙe dariya, na shige kicin. Da na leƙo na ga shi ma kafaɗunsa na rawa, amma da ya ji motsina sai ya ɗaure fuska.

Washegari ya ce zai rubuta wa mutuminsa wasiƙa. Na ce ai wanda ya rubuta wannan ya fi shekara ɗari da mutuwa. Ya yi salati, ya ce shi ne ban faɗa masa ba yana ta musu da mamaci. Sai ya ce to a nemo masa wani Baturen Ingila mai rai, ai ga su nan birjik a garin, yana da tambaya. Maigidana, wanda yake aiki a kamfanin kago masu jigilar kaya kuma ba ya son rigima, ya ce Turawan da ya sani duk ta waya ya san su. Ya kalle ni. Ni kuwa a makarantarmu akwai wani dattijon Bature mai koyar da lissafi, dogo, mai jar fuska, wanda yake zuwa ofis kullum neman abin huda takarda. Na ce masa kawuna yana son ya gana da shi a kan wani littafi, kuma za a yi tuwo. Bai tambayi littafin ba, ya tambayi mene ne tuwo, ya ce zai zo ranar Juma'a.

Kawu ya shirya wa ranar kamar zai je ɗaurin aure. Ya sa maigidana ya ɗauko masa babbar rigarsa daga wajen masu guga, ya kafa hula, ya fesa turaren da ya saya don tsaraba. Da aka sauko daga masallaci ya zauna a kujera mai hannu da baƙin gilashinsa, littafin a kan cinya. Ya sa aka ture doguwar kujera can gefe, aka kawo 'yar kujerar tsugunno da nake zama a kai idan ina gyaran kayan miya, aka ajiye a gabansa. Na ce Kawu mutumin nan dattijo ne, kuma dogo. Ya ce ya sani.

Baƙon ya iso da kwalin dabino a hannu. Ya cire takalmi ba a ce masa ba, ya duba ɗakin, ya naɗe kansa a kan 'yar kujerar har gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa, yana murmushi. Ina jin ya ɗauka al'adarmu ce. Aka gaisa, ni ce tafinta. Kawu ya tambaye shi hanya, da aiki, da iyali, da zafin gari, ya bi gaisuwar har ƙarshenta. Sannan ya ba shi labarin littafin a taƙaice, da na kakanmu da baho. Ya ce shi bai kira shi don a tayar da tsohon zance ba, mulki dai an yi an gama. Tambayarsa ɗaya ce.

“Ki ce masa, da za su zo su mulke mu, me ya sa ba su aiko mana da 'ya'yan fari ba? Mu ne ba mu kai ba?”

Na juya yadda zan iya. Baƙon ya kalli Kawu, ya kalle ni, sai ya fashe da dariya har kujerar ta yi ƙara. Da ya nutsu ya ce a yi masa afuwa, amma shi ba mutumin Ingila ba ne. Daga Ayalan yake, tsibirin da ke maƙwabtaka da su, kuma Ingila ta mulke su tun kafin ta san hanyar ƙasarmu. Ya ce kakarsa a makaranta dukanta ake yi idan ta yi yarensu. Ya ce filayen ƙauyensu duk na wasu masu gari ne da ke zaune a Ingila, irin na littafin nan.

Ya ce, “Ki gaya wa kawunki ya gode wa Allah. Ku na uku aka aiko muku. Mu na farin muka samu, kuma sun fi mugunta, don su ba sa barci.”

Da na faɗa wa Kawu sai ya cire gilashin, abin da aka hana shi, ya ƙura wa mutumin ido ɗaya. Ya tambaye ni yaya za a yi Bature ya mulki Bature. Na ce haka dai ya ce. Ya tambaya ko su ma sun ɗauki baho. Baƙon ya ce su duwatsu suka fasa. Kawu ya juya wajen maigidana ya ce maza a jawo doguwar kujera, an zaunar da ɗan'uwa a ƙasa.

Na kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu. Baƙon ya wanke hannu ya ci yadda ya ga muna ci. Ya ga Kawu yana barbaɗa yaji, shi ma ya ɗebo cokali guda ya zuba kafin in hana shi. Loma biyu fuskarsa ta ƙara ja, hawaye suka fara zuba, amma bai daina ci ba, bai kuma daina ba da labarin kakarsa ba. Kawu ya ga mutum yana magana yana hawaye, sai ya dafa shi yana cewa ya yi haƙuri, duk mai rai da irin jarrabawarsa. Na buɗe baki zan yi bayani, maigidana ya taka mini ƙafa, ya tashi ya shige kicin wai zai ɗebo ruwa. Ina jin sa a can yana tari.

Da an tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma bayan an ci abinci baƙon ya karɓi littafin ya duba. Ya ce bai gane wanda ya rubuta ba, irinsu suna da yawa a wancan zamanin, amma ya san nau'in mutumin. Ya ce wani mai tumbi ne da ke zaune kusa da murhu a Landan, an cika masa ciki, yana raba wa duniya hali alhali ko ƙwai bai taɓa dafa wa kansa ba. Ya kira shi munafuki, ya ƙara da wata kalma da ban juya ba. Ni a zatona Kawu zai ji daɗi. Sai na ga ya miƙa hannu ya karɓe littafinsa.

Ya ce, “Ki gaya masa marubucin nan mako biyu yana gidan nan. Ni ne nake da ikon zaginsa, don ni na zauna da shi.”

Daga nan aka juya. Kawu, wanda ya kwana biyu yana shirin tuhumar Ingila, shi ne ya koma lauyan marubucin. Ya ce ko ba komai mutumin bai ɓoye yoyon rufin gidansu ba, ya faɗi na giyar zaɓe, kuma da bai tona asirin ɗa na uku ba da har yau muna nan muna alfahari da baho. Baƙon ya ce faɗin laifi ba barinsa ba ne, mutumin ya ga komai ya kuma ce a ci gaba. Kawu ya ce haka ne, amma a kawo masa wanda ba haka yake ba a cikin masu ci da biro. Suna yi ina juyawa, ina rage gishirin kowa, har Kawu ya ce shi fa ya ga baƙon ya yi magana mai tsawo ni kuma na kawo gajera. Baƙon ma ya ce haka yake zargi. A kan wannan kaɗai suka haɗu a kaina.

Aka yi la'asar, baƙon ya jira mu a falo yana shan shayi. Da muka dawo sai ya ce a ba shi littafin ya nuna wa Kawu yadda masu gari suke magana. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga hanci sama, ya karanta babin da uban yake sallamar ɗa na uku, yana maƙale murya kamar mai ƙashi a wuya, idan ya zo wajen uwar kuma ya siranta ta yana fifita da hannu. Kawu ko kalma ɗaya bai gane ba, amma ya hana ni fassara, ya ce wannan ba ya bukata. Ya yi dariya har sai da na kawo masa maganin ɗigawa. Da baƙon zai tafi Kawu ya cire hular kansa ya kafa masa. Ta yi masa kaɗan, ta zauna a tsakiyar kai kamar murfin kwano, haka ya shiga lif da ita. Ranar Lahadi da aka koma aiki na gan shi da ita a taron safe na makaranta, yara suna ta leƙensa.

Bayan kwana biyar likita ya sallami Kawu, ya ce idon ya yi kyau. Aka mayar masa da wayoyinsa, ya yi kwana biyu a Deira ya haɗa kayansa, ya tafi. Ba mu kai ko rabin littafin ba. Ya sa shi a jakar hannu, ya ce akwai wani tsohon hedimasta da ke zama a shagonsa, shi zai ƙarasa masa. Wadirof ɗinmu kuwa sai kwali muka naɗa muka tokare ta.

Wata biyu bayan nan ya kira ni ina ofis. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce ɗa na uku ya dawo Ingila da ciwon hanta da lambar girma, an ba shi kujera a majalisa, har ana tambayarsa shawara a kan ƙasashe masu zafi. Ya ce 'yan shago sun rabu biyu a kan ko ya cancanta, wani mai sayar da leshi har ya daina zuwa. Mai sabulu kuma ya ba da 'yar, duk da shawarar da aka ba shi. Sannan ya ce in nemo masa wani littafin na mutuminsa in sa a kago.

Na ce Kawu ba mu san sunansa ba. Ya ce in je inda ake sayar da tsofaffin littattafai in kwatanta halinsa, za su gane shi. Na je wani shago a nan Karama, na yi wa mai shagon bayani ina jin kunya. Ya saurare ni har ƙarshe, ya hau tsani ya sauko da wani mai kauri da jar takarda, ya ce duk ɗaya ne. Maigidana ya cusa shi cikin wata dilar zannuwan gado da za ta Kano.

Da ya isa, hedimasta ya karanta musu babi biyu. Kawu ya aiko mini da saƙon murya, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Ya ce an gode da ɗawainiya, amma wannan ba shi ba ne. Wannan yana da ladabi, yana ba da labarinsa ya wuce, ba ya tsokanar kowa, har mutum biyu sun yi gyangyaɗi. Ya ce ya ba mai shayin bakin layi yana naɗe burodi da shi.